Ranar da Yaya Rabi Ta Je Dubiya

Hafsat, Bashir, akwai labarin da kuka tashi kuna ji a gidan Goggonku Rabi, kusan duk sallah sai an maimaita shi. Wai wani tsoho ɗan Japan ya zo New York ya kwanta rashin lafiya a otal, Goggo ta kai masa kunu da tuwo, ya ci ya miƙe garau. Kun sha dariya a kansa, ni ma na sha taya ku. To, tsohon bai yi rashin lafiya ba. Ni na ƙirƙira masa ciwon. Na daɗe ina jujjuya yadda zan faɗa muku, in fara in fasa, har na ga furfura ta gama cin gemuna ban faɗa ba. Da Hausa na rubuta, ko da yake na san da Turanci za ku amsa mini. Inda ya yi muku wuya ku tambayi mamanku. Ita ma ba ta san rabinsa ba, domin lokacin tana Kano tana jiran takardunta.

Kun san Yaya Rabi ce ta riga ni zuwa ƙasar nan, amma ban jin kun san shekara huɗu na yi ina kwana a kan doguwar kujerar falonta a unguwar Morrisania da ke Bronx, bene hawa na biyar, lokacin da nake karatun digiri na biyu. Aikinta kula da tsofaffi ne a gidajensu. Ta yi musu wanka, ta ba su abinci da magani, ta dawo da ƙafa a kumbure ta ɗora tukunya. Mijinta Malam Isufu, mutumin Maraɗi, yana da teburin huluna da turare a titin 125. Da na gama karatu na samu aiki a wani kamfani mai gwada tsabtar ruwan sha, na kama ɗaki a Queens, can wani ɓangaren birnin, na sayi kwat biyu. Ni mutum ne mai tsoron kuskure tun ina yaro. Takarda ɗaya sai in karanta ta sau uku kafin in sa hannu. A ofis kuwa ba na buɗe abincin da na zo da shi sai kowa ya fita, tun ranar da wata abokiyar aiki ta shigo ɗakin cin abinci tana toshe hanci, ta tambaya ko wani abu ne ya mutu a bayan firiji. Miyar kukar Yaya ce a gabana. Na rufe robar a hankali. Ban kawo wannan don in wanke kaina ba. Na kawo shi ne don ina jin daga nan abin ya fara, ko da yake ba zan iya rantsuwa ba.

A shekarata ta uku a wurin aiki aka tura ni Japan na mako biyu, in koyo sarrafa wata sabuwar na'ura, a wani tsohon birni da ake kira Kanazawa. Ranar Asabar babu aiki, sai masu masaukina suka haɗa ni da wani tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya, wanda yake zagayawa da baƙi cikin unguwarsu don sha'awa kawai. Sunansa Okada, ni kuwa Malam Okada nake ce masa. Ya haura saba'in, gajere ne, da 'yar hularsa da lema, domin garin ba ya rabo da yayyafi. An gaya masa ni Musulmi ne, sai ya kwashe kwana biyu kafin ranar yana bin shagunan da zai kai ni ɗaya bayan ɗaya, yana tambaya ko akwai alade ko giya a abincinsu, yana rubutawa a wani ɗan littafi. Da na fara jero masa tambayoyina na tsoro, littafin kawai ya buɗe ya nuna mini.

Tun hantsi muke tafiya a ƙafa. Lunguna ne matsattsu masu katangun ƙasa, ruwa yana gudu a magudanan dutse ta gefen gidaje, in ka sha kwana sai ka ɗauka cikin birnin Kano ka faɗo, in ka cire sanyin da shirun. Ya kai ni wurin wata mata mai yin awara, wadda ya ce ɗalibarsa ce a da, shagonta duk hayaƙi ya baƙanta rufin. Ya kai ni kasuwar kifi, inda kowa yake kiransa yana tsokanarsa. Muka sha koren shayi mai ɗaci da wata alewar shinkafa a wani ɗaki da sai ka sunkuya za ka shiga. Ba abin da ya ɓoye mini. Har bayan shagunan ya bi da ni, inda ake zubar da ɓawon kifi, yana cewa a nan suke wasa suna yara. Da yamma ya ce saura wuri ɗaya, sai ga mu a ƙofar gidansa. Tsohon gidan katako ne, an ajiye kwano a zaure yana tarar ruwan da ke ɗiga daga rufi. Ya nuna mini kwanon da bakin lemarsa yana dariya, ya ce kwanon ya girme ni. Muka cire takalma, muka zauna a ƙasa. Matarsa, wadda bayanta ya ranƙwafa, ta kawo shinkafa da gasasshen kifi, sannan ta tsaya da wani ɗan kwano a hannu tana shakkar ajiyewa. Suka yi magana da yarensu.

"Ta ce kada in ba ka wannan," in ji Malam Okada da Turancinsa na a hankali. "Wake ne da muka bari ya ruɓa. Natto muke ce masa. Baƙi suna gudu in sun ji warinsa."

Na karɓa na kai hanci. Daddawa. Wallahi warin daddawa ne sak, sai dai wannan yana da yauƙi. Ban san lokacin da dariya ta ƙwace mini ba. Na ci kwano biyu, tsohuwar tana tafa hannu. Na ba su labarin kalwa, yadda ake dafa ta a rufe ta kwanaki har ta yi baƙi, da yadda yayata take daka ta a miyar kuka. Na cika baki ƙwarai a yammacin nan. Na ce duk New York babu mai miyarta.

"Nura-san," in ji shi, wato Malam Nura a yarensu, "in Allah ya kai ni garinku, za ka zagaya da ni unguwarku, in ci miyar yayarka."

Na ce da shi ai wannan ya zama dole. Mai sauƙin faɗa ne, tunda ban taɓa zaton zai zo ba.

Bayan kamar wata takwas sai ga saƙonsa. Ƙungiyarsu ta tsofaffin malamai za ta zo yawon buɗe ido, kuma an ba su ranar Asabar ɗaya kowa ya yi abin da yake so. Ba ya son ganin dogayen gine-gine, ya ce, ya gan su a talabijin. Unguwata yake so, da miya. Na kira Yaya na gaya mata, kuma in faɗi gaskiya da farin ciki na gaya mata. Ita kuwa kamar an ce mata Baba ne zai taso daga kabari ya zo cin abinci. Ta nemi wata ta riƙe mata aikin Asabar. Ta aika Malam Isufu ya samo mata daddawar Maraɗi wurin wani ɗan garinsu da ya dawo daga gida, ta ce ta shago ba ta da rai. Ta ari babbar darduma wurin maƙwabciyarta Hajiya Memuna, 'yar Zangon Kumasi, wadda ta ce ita ma sai ta zo ta ga yadda ɗan Japan zai yi da loma. Ta sa na rubuta mata sunan otal ɗin da titinsa, don ta lissafa lokacin da za mu iso, kada tuwo ya huce.

Ranar Alhamis na biya ta gidan bayan aiki. Abin da ya faru da ni a ranar shi ne na kalli gidan da idon baƙo. Elebeta, na'urar hawa bene, ta mutu, kamar yadda ta saba. Wani mutum yana barci a bakin ƙofar shiga. A matakala akwai zarnin fitsari a hawa na biyu, daga hawa na huɗu kuma warin daddawar Yaya ya tare ni, ya cika ko'ina. Na ga tarkon ɓera a bayan ƙofar kicin, na ga inda fenti ya ɓare a saman kujerar da na yi shekara huɗu a kai. Duk abubuwan nan suna nan tun da, ban taɓa ganinsu ba sai ranar. Na tuna tsabtar lungunan Kanazawa. Kwanon da ke tarar ruwa a zauren Malam Okada kuwa ban tuna shi ba, sai daga baya.

"Auta, lafiya? Ka tsaya kana kallon bango kamar mai kuɗin haya," in ji Yaya.

"Lafiya lau, Yaya. Ina tunanin benen nan ne. Tsoho ne fa."

"Tsofaffi nawa nake hawa da su bene kullum? A hankali za mu hau da shi. In ya gaji Isufu ya goya shi."

Ta yi dariya, na yi dariya. Da na faɗa mata abin da ke raina a lokacin, da ta zage ni tas, mu shirya. Ban faɗa ba. Na ce wa kaina zan ga yadda Asabar za ta kasance.

Asabar da safe na iske Malam Okada a ƙofar otal, a tsakiyar Manhattan, ya shirya tsaf, da takalmin tafiya, da wani ƙunshi a hannu da aka naɗe da kyakkyawan ƙyalle shuɗi. Tsarabar matarsa ce zuwa ga yayata. Har muka kama hanyar tashar jirgin ƙasa da zai kai mu Bronx. A bakin matakalar tashar ƙafata ta ƙi. Na ce ya ɗan jira ni, na matsa gefe na kira Yaya.

"Yaya, baƙon nan fa ba shi da lafiya. Ina jin tafiyar ce ta buge shi. Zazzaɓi ne da ciwon ciki, yana kwance. Da wuya mu zo."

"Innalillahi. Bawan Allah, a garin mutane! Ya sha magani? Akwai mai kula da shi?"

"Ina tare da shi. Kada ki damu."

Na kashe ƙarar wayar na sa a aljihu. Na koma na ce wa Malam Okada an kira yayata aiki ba zato, wata tsohuwa ce ta faɗi. Ya dubi ƙunshin hannunsa, sannan ya sunkuyar da kai ya ce aikin kula da tsofaffi aiki ne mai daraja. Ya tambaya ko za mu iya zaga unguwar ko da ba ta nan. Na ce akwai nisa, kuma wataƙila za a yi ruwa. Ba gajimare ko ɗaya a sama.

Na kai shi babban lambun tsakiyar gari. Na kai shi ya ga gada. Na saya masa abinci a wani gidan abinci mai farin ƙyalle a kan tebur, inda ni kaina ban taɓa shiga ba. Duk inda muka tsaya sai ya tambaye ni, nan kake zuwa? Ka san mai shagon nan? Ni kuwa ban san kowa ba. Yana ta godiya, yana ɗaukar hoto, ƙunshin nan yana hannunsa wuni guda, bai yarda na riƙe masa ba.

Ga abin da ban lissafa ba, ni mai karanta takarda sau uku. Da na ce baƙon ya fasa, ko ƙungiyarsu ta canza tsari, da Yaya ta yi tsaki ta raba tuwonta ga maƙwabta. Amma ciwo na ce. Ni da aka haifa a Kano, na manta cewa a wurinmu ba a jin baƙo yana kwance a zauna. Dubiya ake zuwa.

Wajen la'asar muka dawo otal. Muna shiga, Malam Okada yana ba ni labarin wani abu muna dariya, sai na gan ta. Tana zaune a bakin wata kujerar fata a zauren otal ɗin, cikin leshinta na sallah, ta ɗora rigar sanyi a kai, kula biyu a gabanta da wata jaka. Daga baya na ji awa biyu ta yi a wurin. Ma'aikatan sun ƙi gaya mata ɗaki domin ba ta riƙe sunansa ba, tsohon Japan mara lafiya kawai take ce musu. Ta kira wayata sau tara. Jirgi biyu ta hau da kulolin nan.

Ta miƙe. Ta dube ni, ta dubi tsohon da ke tsaye garau da kyamara a wuya. Na so in shiga tsakani in zama tafinta, amma Yaya ta fi ni iya Turancin magana da tsofaffi, sana'arta ce. Ta ɗan rusuna ta tambaye shi yaya jiki.

"Lafiya ƙalau," in ji shi cikin fara'a. "Tun ƙarfe tara muke tafiya a ƙafa. Ke ce yayar? Na yi baƙin ciki da aka kira ki aiki. Yaya tsohuwar da ta faɗi?"

Ina kallon fuskarta lokacin da ta gama haɗa lissafin.

"Ta ji sauƙi," in ji Yaya. "An sallame ni daga aikin da wuri, shi ne na ce bari in kawo maka abincinka."

Sannan ta juyo gare ni da Hausa.

"Karɓi kular nan, hannuna ya gaji."

Ita da ban taɓa jin ta yi ƙarya ba, ta yi ƙarya a gaban baƙo don ta rufa mini asiri. A ɗakinsa muka ci. Ɗakin ƙarami ne, ta shimfiɗa mayafinta a ƙasa ta jera kwanuka. Kula ɗaya kunun tsamiya ne da ta dama wa mara lafiya, ɗayar farfesun kaza, a jaka kuma tuwon shinkafa da miyar kuka, ko da zai ɗan samu ƙarfin ci. Tana buɗe miyar ɗakin ya ɗauka. Malam Okada ya lumshe ido, ya ja numfashi, ya ce kamar yana kicin ɗin mahaifiyarsa. Ya ƙi cokali. Ya wanke hannu ya ce ta koya masa.

"Ba haka ba, Baba, ka ɗan danna da babban yatsa. Yauwa. Kai, tsohon nan ya fi wasu 'yan Kano iya loma."

Da Hausa ta faɗi na ƙarshen, ba ta kalle ni ba. Ya yi ƙari sau biyu, miya har haɓarsa. Ya miƙa mata ƙunshin da hannu biyu, ta karɓa da hannu biyu. Suka yi ta hira a kan ciwon gwiwa da yadda ake ruɓar da wake, kamar sun shekara da sanin juna. Ni ina gefe, ina ta jujjuya loma ɗaya a cikin miya. Ko ya gane abin da na yi? Ban sani ba har yau. Abin da na sani shi ne, da muka zo sallama ya riƙe hannuna ya daɗe, ya ce da ya so ya ga titin da irin wannan miya take fitowa.

Na ɗauki kulolin na raka ta tasha. Da muka tsaya jiran jirgi sai ta juyo gare ni.

"Me ka gani a gidan nan da ba ka so ya gani?"

"Ba haka ba ne, Yaya. Wataƙila dai na yi tunanin elebeta, da kuma..."

"Shekara huɗu kana hawa benen nan da ƙafarka, ban ji ka ce komai ba."

Ta gyara rigar sanyinta, ta ci gaba.

"Da ka ce mini, Yaya, ina jin kunyar gidanki, da na yi fushi kwana biyu ya wuce. Amma ka ɗora wa bawan Allah ciwo da bakinka. Tun safe nake masa addu'a. Memuna ma na sa ta yi masa."

Jirginta ya iso. Na yunƙura zan shiga, ta karɓe kulolin daga hannuna.

"Naka layin daban ne," in ji ta.

A gida Malam Isufu da Hajiya Memuna suna jiran labarin mara lafiya, ga darduma a shimfiɗe. Ta ce musu ya sha kunu ya warware, har ya ci tuwo da hannu. Daga nan labarin da kuka sani ya samo asali. Ba ta taɓa canza shi ba, ko a gaban mijinta, kuma duk lokacin da ake ba da shi ina zaune, ba ta kallon inda nake.

Na yi mako uku ban je ba. Ranar wata Lahadi na daure na hau benen. Ta amsa sallamata lafiya lau, ta tambayi aiki, ta tambayi labarin mamanku. Tun ranar da na sauka ƙasar nan a tire ɗaya nake ci da Malam Isufu, a ƙasa, muna gardamar ko Kano ko Maraɗi wa ya fi iya kilishi. Ranar sai ta ajiye masa tirensa, ni kuma ta jawo ɗan tebur gaban kujera, ta kawo nawa a farantin tangaran na baƙi, da cokali a naɗe cikin takardar goge baki. Malam Isufu ya ɗago kai.

"Yau kuma Auta sarauta aka ba shi?"

"Ma'aikaci ne," in ji Yaya. Ta gyara zaman cokalin a gefen farantin. "Ci da shi, Nura. Gobe Litinin, kada hannunka ya yi warin daddawa."

Na nemi gafararta daga baya, ba sau ɗaya ba. Ta ce ta yafe, kuma na yarda ta yafe, domin ita ta yi wa mamanku wankan jego lokacin haihuwarku duka biyu. Amma ba ta sake ce mini Auta ba. Kun sha tambayata me ya sa a gidan Goggo kowa yana ci a ƙasa ni kaɗai a tebur, nakan ce muku ciwon baya ne. Bayana lafiyarsa ƙalau. Duk zuwan da zan yi ina hawa benen da niyyar yau zan ture farantin in sauko in wanke hannu. In ta kawo, sai in ce na gode, Yaya, in ɗauki cokalin.